Yadda Ake Wayar da Kan Masu Juna Biyu a Kan Ciwon Hanta Nau'in B Ranar Awo

Malamar da ke tsayawa gaban masu ciki ranar awo, ko a ƙaramin asibitin unguwa ne a Tudun Wada ko Samaru, ko a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko can Asibitin Koyarwa na Shika, duk a Zariya da kewayenta, ba ta da abin da ya wuce minti goma sha biyar kafin hankalin mata ya koma kan layi da kati da girkin da aka baro gida. Don haka tun kafin ki buɗe baki ki san abin da kike so su tafi da shi. Abu biyu ne: kowace mace ta yarda a gwada jininta, kuma kowace ta san jaririnta na buƙatar allurar rigakafin ciwon hanta kafin ya cika awa 24 a duniya. In waɗannan biyun suka zauna musu, an yi aiki, ko da sun manta sauran.

Abin da ke kanki za ki riƙe

Abin da ke kawo ciwon hanta nau'in B ƙwayar cuta ce ta bairos da ke zama cikin jini da hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita. A Najeriya, babban binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna da ita. Ke nan in mata hamsin suka zo awo, da wuya a rasa biyu ko uku a cikinsu, kuma galibi ba su sani ba, domin lafiyarsu ƙalau a ido.

Abin da ya sa aka fi damuwa da mai ciki shi ne, makomar ciwon tana bin shekarun da mutum ya kamu. Babba in ya kamu, jikinsa kan yi yaƙi ya fitar da ƙwayar, ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zame musu ta dindindin. Jariri kuwa, tara cikin goma da suka kamu wajen haihuwa za su rayu da ita. Yaron zai tashi, ya yi makaranta, ya yi aure, ciwon na cin hantarsa a ɓoye kamar gara cikin azara, sai ya kai shekara talatin ko arba'in ciki ya kumbura, ko a gano kansar hanta lokacin da ba abin da za a iya yi. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kamu tun suna jarirai haka ƙarshensu ke zama in ba a kula da su ba. Yawancin kamuwar a lokacin naƙuda da haihuwa take faruwa, sa'ad da jinin uwa da ruwan jikinta suka haɗu da jariri. Kaɗan ne ke kamuwa tun suna ciki. Shi ya sa allurar awa 24 take aiki: ƙwayar ba ta riga ta kafu ba.

Mataki na farko: duba kayanki kafin ki yi magana

Ki leƙa ɗakin gwaji ki tabbatar akwai tsinken gwajin HBsAg, wato gwajin da ke nuna ko akwai ƙwayar a jini, kuma wa'adinsa bai ƙare ba. Ki buɗe firji ki ga ko akwai allurar hanta ta haihuwa. Ki tambayi wa ke riƙe da makullin firjin da dare da Asabar da Lahadi. Idan babu ɗaya daga ciki, ki san ainihin inda za ki tura mace da ranar da ake yi a can. Babu abin da ke kashe wa mata gwiwa kamar a tsoratar da su da ciwo, su miƙa hannu a gwada, a ce musu babu kaya.

Ki zo da abubuwan da za a gani da ido: sabuwar reza cikin takardarta, tsohuwa mai tsatsa, abin yanke farce, katin rigakafin yaro, da kwalbar allurar da ta ƙare. Sun fi hoton bango kama hankali.

Mataki na biyu: bayani a gaban taro

Ki fara da tambaya: "Wa ta taɓa jin ciwon hanta? Me kuka ji a kansa?" Ki bar su su faɗa. Za ki ji shawara, za ki ji sammu, za ki ji cewa zufa na yaɗa shi. Kada ki katse kowa, kada ki yi dariya, domin daga abin da suka faɗa za ki san inda za ki fi tsayawa.

Sannan ki bi wannan tsari: aikin hanta a taƙaice, cewa ita ce ke tace jini da sarrafa abinci da magani. Sai cewa mutum na iya ɗauke da ciwon shekara ashirin idonsa bai taɓa yin rawaya ba, gwajin jini kaɗai ke nunawa. Sai hanyoyin kamuwa.

A nan ake yin kuskuren da ya fi kowane tsada. Idan kika fara da saduwar aure, mata za su ji kamar ana maganar zina, wadda ke da niyyar gwaji ma ta fasa. Gaskiyar magana ita ce, a ƙasashenmu mafi yawan masu ciwon tun suna ƙanana suka same shi, ko wajen haihuwa ko ta jinin da ya gauraya a gida. To ki fara daga nan: uwa zuwa jariri, askar wanzami da aka yi wa wani da ita ba a tafasa ba, tsaga, ƙaho, kaciya, hujin kunne, mai yankan farce da ke bin layi da almakashi ɗaya, allurar kemis da aka maimaita, ƙarin jinin da ba a tantance ba, aron buroshin goge baki ko asuwaki. Daga ƙarshe ki ce miji da mata ma suna iya sa wa juna, kuma akwai rigakafin da ke tsare wanda bai kamu ba.

Ki daɗe a kan abin da ba ya yaɗa shi, domin nan ne zaman lafiyar gida yake. Cin abinci kwano ɗaya, shan ruwa moɗa ɗaya, buta, tabarma, musabaha, runguma, zufa, tari, cizon sauro, duk ba sa kawo shi. Nono ma ba a hana shi. An sha ware wa mace kwano da cokali a gidan mijinta, a hana ta girki, a kan abin da ba shi da tushe.

Kafin ki rufe, ki ɗaga katin rigakafi ki nuna gurbin allurar haihuwa da yatsa. Ki zaɓi mace biyu ki ce: "Yaya, in kin koma gida Inna ta tambaye ki me aka ce yau, me za ki ce mata?" Abin da ta maimaita shi ne abin da kika koyar. In ba ta ambaci awa 24 ba, ki sake.

Mataki na uku: gwajin

A goge yatsa da auduga mai sifirit, a bari ya bushe, a huda da sabon tsinke, a ɗiga jini yadda takardar kamfanin ta ce, a ƙara ruwan gwajin in nau'in mai buƙatarsa ne. A karanta a lokacin da aka rubuta, galibi minti 15 zuwa 20. Layi ɗaya a wajen C, babu. Layi biyu, akwai, ko da na biyun bai fito sosai ba. In layin C bai fito ba, gwajin ya ɓaci, a sake da sabo.

Abin da ke ɓata sakamako sananne ne: tsinken da ya kwana cikin zafi a kan taga, wanda wa'adinsa ya wuce, wanda aka bari ya yi awa guda kafin a duba, da wanda aka yi shi don ruwan jini da aka tace amma aka ɗiga masa jini kai tsaye. A kowane ciki ake gwadawa, ko an yi a na baya, kuma ya fi kyau a haɗa shi da na ƙanjamau da tunjere a zuwan farko.

Mataki na huɗu: faɗin sakamako

A ɗaki, ƙofa a rufe, ke da ita. Wadda ba ta da shi ma a ɗakin za a gaya mata, domin in masu shi kaɗai ake kira ciki, duk benci ya gane.

Wadda ba ta da shi ki gaya mata cewa rashin ciwon yau ba kariya ba ne gobe. Tana iya yin rigakafi ko da ciki, ba ya cutar da ɗan tayi: allura uku a damtse, yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida daga ta farko. Jaririnta ma sai an yi masa ta awa 24, domin ciwon na iya zuwa masa daga wani a gida.

Wadda take da shi kuwa, ki zauna, kada ki faɗa a tsaye. Misalin abin da za ki ce: "Hajiya, gwajin ya nuna akwai ƙwayar ciwon hanta a jininki. Mutane da yawa suna da ita tun suna yara, ba laifin kowa ba ne, kuma ba ya nufin wani ya yi abin da bai dace ba. Akwai abin da za mu yi don kada ɗanki ya ɗauka, kuma yana aiki sosai." Sai ki yi shiru. Ki bar ta ta yi kuka in za ta yi, ta yi tambaya. Kada ki tara mata bayani a ranar, ba za ta riƙe ba. Ki ba ta ranar dawowa cikin mako guda.

Maganar maigida ita ce mai wuya. Ki tambaye ta ko tana so ta gaya masa da kanta ko ta zo da shi ku faɗa tare, kuma kada ki aika wa kowa ba da izininta ba. In ya zo, ki nuna masa cewa amana ce aka ɗora masa: "Malam, abin da muke nema a wajenka uku ne. A gwada ka, a gwada sauran iyali, kuma ranar haihuwa ka tabbatar yaro ya iso wajen allura." Abokiyar zamanta da duk yaran gidan a gwada su, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi. Kafin miji ya kammala allurarsa, kwaroron roba ne kariya. Ki faɗa masa ƙarara cewa ba dalilin saki ko ƙaurace wa ɗaki a nan, kuma ba a iya sanin wa ya fara kamuwa.

Mataki na biyar: ƙarin gwaji da magani

Gwajin yatsa ya nuna akwai ƙwayar kawai, bai nuna yawanta ba. A tura ta wajen likita, a babban asibiti ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, don a auna yawan ƙwayar a jini, ko a yi gwajin HBeAg, alamar da ke nuna ƙwayar na hayayyafa sosai, in wancan ya fi ƙarfin aljihu, tare da gwajin lafiyar hanta da ƙoda. Uwar da HBeAg ɗinta ya nuna akwai, in ba a yi komai ba, bakwai zuwa tara cikin goma na jariranta za su kamu.

Idan yawan ƙwayar ya kai 200,000 a kowace mililita a ma'aunin IU, ko HBeAg ya fito, ana ba ta tenofobir, wanda za a ga an rubuta TDF a kwalinsa, miligiram 300, ƙwaya ɗaya kullum. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce a fara daga mako na 28. Ta 2024 ta ce ana iya farawa tun daga watanni ukun tsakiya na ciki, kuma inda babu halin waɗancan gwaje-gwaje ana iya bai wa duk mai cikin da aka samu da HBsAg. Likita ne zai yanke. Naki shi ne ki tabbatar ba a fara ba sai an gwada ƙanjamau, domin mai ƙanjamau in ta sha tenofobir shi kaɗai ƙwayar ƙanjamau na iya bijire wa magani. Ita haɗin magungunan ƙanjamau ake ba ta, wanda da ma akwai tenofobir a ciki.

Ki gargaɗe ta kada ta daina sha da kanta bayan ta haihu. Ciwon na iya tasowa da ƙarfi in an tsayar da maganin, shi ya sa ake ci gaba da duba jinin hanta watanni bayan haihuwa. Ki kuma yi maganar masu tallar magani da lasifika a kasuwa, waɗanda ke cewa jiƙonsu na wanke hanta cikin mako biyu. Ba wani jiƙo da aka tabbatar yana kashe wannan ƙwaya, wasu ma hantar suke ƙara wa nauyi, ga ciki kuma.

Mataki na shida: shirin ranar haihuwa

Nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe. Mata da yawa a Zariya da ƙauyukanta a gida suke haihuwa, kuma ko an ce su zo asibiti, naƙuda ba ta sallama. Ki ƙarfafa haihuwar asibiti, musamman ga mai ciwon, amma ki yi shiri kamar a gida za ta haihu da tsakar dare.

Tun ciki na wata bakwai ki zauna da ita ku amsa waɗannan a bayan katinta. Wa zai ɗauki jariri ya kawo shi, tunda mai jego ba za ta fita ba? A ambaci mutum da sunansa, gwaggo ce ko kaka ko maigida. Wane asibiti ne mafi kusa da ke yin allurar kullum? Wane mai keke napep za a kira? In 'yar fari ce za ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, a Giwa ne ko Soba ko wata unguwa, to can ne za a nemo asibitin, kuma mahaifiyarta ce za a yi wa bayani, domin mai haihuwar fari kunya ba za ta bar ta ta ce a kai ɗanta ko'ina ba.

Tsofaffi za su ce ba a fita da jariri kafin suna, wasu ma sai an yi arba'in. Kada ki yi musu da su a kan al'ada. Ki ce: "Inna, ba yawo za a kai shi ba. A lulluɓe shi, a yi masa allura, a dawo da shi kafin ruwan wanka ya tafasa." Inda ake da halin malamin asibiti ya bi gida da allurar a akwatin sanyi, ya fi.

Wani jinkirin kuma daga wajenmu ma'aikata yake. Ana cewa a dawo ranar BCG, wato rigakafin tarin fuka, alhali allurar hanta ba ta jiran kowa. BCG ce ake zubarwa bayan awa shida da haɗawa, shi ya sa ake tara yara. Kwalbar allurar hanta mai ɗaukar yara goma kuwa, in an buɗe ta da tsafta, aka rubuta kwanan wata a jikinta, aka mayar firji, tana kaiwa kwana 28. Ba hujjar ƙin buɗe ta saboda jariri ɗaya. Ya kamata a ce tana cikin ɗakin haihuwa, kuma mai aikin dare na da izinin yi.

Yadda ake yi: a goge jinin haihuwa daga cinyar jariri, a ja mililita 0.5, a yi cikin tsoka a gaban cinya ta gefen waje. Ba a yi a ɗuwawu, domin kitse ne a wurin kuma rigakafin ba ya kamawa sosai. Allurar hanta zalla ake yi, ba Penta ba, wato haɗin rigakafin cututtuka biyar har da na hanta, ita sai mako shida. A ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8. Daskarewa na kashe ta, don haka kada a jingina kwalbar da ƙanƙara, wadda ake zargin ta daskare a yi mata gwajin girgizawa kafin a taɓa yaro da ita. Bakwaini da wanda bai kai kilo biyu ba su ma ana yi musu. In awa 24 ta wuce, a kawo shi duk da haka, a tsarin rigakafinmu ana yi har kwana 14, sai dai kowace rana ƙarfin kariyar raguwa yake.

Ga jaririn uwa mai ciwon akwai ƙarin allura, HBIG, mai ba shi kariya nan take kafin rigakafin ya kama, mililita 0.5 a ɗaya cinyar da wani sirinji daban, an fi so cikin awa 12. Tana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, don haka a nemo ta tun kafin wata tara, a bar ta a firjin asibiti, kada a ajiye a gida inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Wadda ba ta da hali ki kwantar mata da hankali: rigakafin da aka yi kan lokaci shi kaɗai yana tsare mafi yawan jarirai, balle in ta sha magani. Ciwon hanta kaɗai ba dalilin yin tiyata ba ne.

Ungozomar gida ma tana cikin waɗanda za a koyar. Safar hannu, sabuwar reza don cibiya, da kulawa wajen ɗaukar mabiyiya. Ƙwayar na rayuwa cikin busasshen jini har kwana bakwai, saboda haka zannuwa da ledar da aka haihu a kai a jiƙa su cikin bilic kashi ɗaya, ruwa kashi tara, kafin wanki.

Bayan an sauka

Allurar haihuwa buɗe ƙofa ce, sai an cika da Penta a mako na 6 da na 10 da na 14. Ranar suna wanzami zai zo: a saya masa sabuwar reza a buɗe a gaban ido, hujin kunne ma da sabon abu. Cire beli kuwa a bar shi gaba ɗaya, ba ya maganin komai, ga zubar jini ga shigar cuta. Uwa ta shayar tun sa'ar farko. In kan nono ya tsage har yana jini, ta dakata da wannan ɓangaren, tana tatsewa tana zubarwa har ya warke, ta ci gaba da ɗayan. Rawayar ido da jariri kan yi a makon farko galibi ba wannan ciwon ba ne, amma a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shanya shi a rana ko ɗura masa jiƙo.

Yaron uwa mai ciwon a gwada shi tsakanin wata 9 zuwa 12. Hanya mafi sauƙi ta tunawa ita ce a haɗa da zuwan allurar ƙyanda ta wata tara. Ana duba HBsAg, in da hali a duba ko rigakafin ya kama.

Uwar kuma kada a manta da ita don an sami ɗa lafiya. Ta riƙa ganin likita duk wata shida zuwa shekara, da gwajin jini da hoton ciki. Ta guji giya da shan magani barkatai, ta zubar da gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, domin gubar da ke cikinsu in ta haɗu da wannan ƙwaya tana ninka haɗarin kansar hanta. Rawayar ido, fitsari mai duhu kamar shayi, kumburin ciki ko ƙafa, aman jini, ko ruɗewa, duk na zuwa asibiti ne nan take.

A rajistar ɗakin haihuwa ki ƙara gurbi biyu, lokacin da aka haihu da lokacin da aka yi allura, da awa da minti. Ki ware shafi na masu ciwon, a ajiye shi inda ba kowa ke buɗewa ba, da watan haihuwar kowace da lambar wanda ta amince a kira. Daga mako na 36 ki riƙa kira duk mako. Ƙarshen wata ku zauna ku ƙirga jarirai nawa aka yi wa cikin awa 24, waɗanda suka wuce kuma a bi ɗaya bayan ɗaya a ga ko dare ne, ko makulli, ko kuɗin mota, ko tsohuwa ce ta hana, a gyara wannan kafin wata mai zuwa.